Wai amana tana aunuwa da lamba 1 zuwa 5?

Yar_Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, kuma aikin kammala karatuna a kan amana ne tsakanin maƙwabta a unguwannin Zango na Kumasi. Malamin da ke duba aikina ya ba ni takardar tambayoyi da Turanci, jimla 12, kowace da zaɓi biyar, daga 1 (ban yarda ba sam) zuwa 5 (na yarda ƙwarai). Na fassara da kaina, na zaga Aboabo da Asawase kwana huɗu, na cika takarda 40. Jiya da na zauna dubawa sai na ga kusan kowa 5 ya zaɓa. Har da wata Mma a layinmu da kowa ya san shekara uku ba ta gaisa da matar ɗakin kusa da nata ba saboda rigimar kuɗin wuta, ita ma 5 ta ce in rubuta mata daga sama har ƙasa. To ni dai kaina ya ɗaure. Amana abin aunawa ce da lamba, ko muna yaudarar kanmu ne kawai don a ba mu digiri?

DanAsawase: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin shiga gidan haya da biro da takarda, kina tambayar mutum ko ya yarda da maƙwabcinsa, shi kuma maƙwabcin yana bakin famfo yana alwala yana jinku. Me kike so ya ce?

BabaTafo: 'Yata, amana a zuciya take, kuma Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin zukata. Masara da gero ake aunawa.

MalamLissafi: Baba, da girmanka, zan ɗan saɓa maka. Zazzaɓi ma ba a ganinsa da ido, amma likita yana sa ma'aunin zafi ya karanta lamba. Alamar cutar yake aunawa. Haka masu wannan fanni suke yi: sai sun fara zama sun ce, idan mutum yana da amana ga maƙwabcinsa, me za mu gani a bakinsa ko a aikinsa? Wannan abin da ake gani shi ake ƙirgawa. Zaɓi biyar ɗin nan da ta yi amfani da shi wani Ba'amurke ne mai suna Rensis Likert ya fito da shi a 1932, kuma yana aiki in an bi ƙa'idarsa. Yar_Aboabo, rubuto mana jimlar farko yadda kika fassara ta.

Yar_Aboabo: Malam ga ta: "Na yarda da maƙwabtana." Sai mutum ya zaɓa: ban yarda ba sam, ban yarda ba, tsaka-tsaki, na yarda, na yarda ƙwarai.

Malama_Sawaba: Ai ga ɓarawon nan a fili! Turanci yana da kalma ɗaya ta amincewa da magana, wata daban ta amincewa da mutum. Ke kuma kin zuba su duka cikin "yarda". Tsohuwa ta ji "na yarda da maƙwabtana", sannan ta ji "na yarda ƙwarai", a kunnenta magana ɗaya ce kika maimaita. Na yi aikin fassara wa masu binciken lafiya a Tamale da nan Kumasi, kuma ba a taɓa barin mutum ɗaya ya fassara shi kaɗai. Ke ki juya zuwa Hausa, ki ba wani da bai taɓa ganin ta Turancin ba ya mayar da ita Turanci, sannan a jera biyun a ga inda ma'ana ta zame. Richard Brislin ya yi rubutu a kan wannan hanya tun 1970. Kuma wace Hausar ma? Ta littafin Kano daban, tamu ta Zango daban. "Tsaka-tsaki" ɗin nan, rabin matan Sawaba za su ɗauka "ba ruwana" kike nufi, wanda a wurinmu kusan zagi ne ga maƙwabci.

DanAsawase: Malama ta gama magana. A rufe zaren.

MalamLissafi: Ba a rufe ba tukuna, fassara ɗaya ce daga cikin matsalolin. Abin da DanAsawase ya faɗa da farko shi ma yana da suna a littafi: mutum ya ba da amsar da za ta sa a gan shi mutumin kirki. Crowne da Marlowe har ma'auni suka haɗa a 1960 don gano masu yawan yin haka. Akwai kuma wata ɗabi'a daban, ta cewa "eh" ga duk abin da baƙo ya karanto, musamman in mai tambayar ɗan boko ne, mai amsawar kuma tana jin kunyar musa masa. Maganin da aka saba shi ne a juya wasu jimlolin. In lamba 1 ta ce maƙwabtana masu riƙon amana ne, lamba 6 ta ce maƙwabtana za su cuce ni in sun sami dama. Wanda ya ba duka biyun 5, kin san ba saurarenki yake ba.

Malama_Sawaba: Malam, a juya ɗin amma a guji korewa. Ka tambayi Bahaushe "ba ka ci abinci ba?" ya ce "eh", ma'ana bai ci ba. Bature kuwa "a'a" zai ce a wurin. Na ga takardu da yawa sun lalace ta nan, mai tambaya ya rubuta kishiyar abin da aka gaya masa.

Yar_Aboabo: Amma fa da na zuba amsoshin a SPSS, manhajar lissafi ta kwamfuta, alfa ɗin Cronbach, wato lambar da ake duba ingancin ma'auni da ita, ya haura 0.9. A aji an ce mana in ya kai 0.7 ma'auni ya yi kyau. Shi ya sa na ƙara rikicewa.

Hajiyar_Kejetia: Ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ne ya sa ni a wannan zaure, amma shekara 30 ina auna masara da wake. Akwai mai olonka, gwangwanin awonmu, da ta bubbuge gindin gwangwaninta ya shige ciki. Ki auna da shi sau goma, sau goma zai ba ki abu ɗaya, ba ya ƙari ba ya ragi. Amma ki kai gida ki juye a olonka na gaskiya ki ga yadda aka yi miki. Ko ba irin wannan kuke faɗa ba?

MalamLissafi: Hajiya, wallahi gobe da wannan misalin zan shiga aji. Shi ne daidai. Abu biyu ake nema ga ma'auni. Na ɗaya, ya riƙa ba da amsa iri ɗaya in an maimaita. Na biyu, ya zama abin da aka ce yana aunawa shi ɗin yake aunawa. Alfa, wanda Lee Cronbach ya bayyana a 1951, yana gaya miki ne kawai cewa jimlolinki suna tafiya tare. Zai iya yiwuwa duka 12 ɗin kunya suke aunawa, kuma suna auna ta da kyau. Ƙari a kan haka, in kika yawaita jimloli masu kama da juna, alfa hawa yake yi ko da ba ki ƙaru da komai ba.

Injiniya_Suame: Ni a ganina a daina tambayar baki gaba ɗaya. Gani ya kori ji. A Magazine, unguwar makanikai ta Suame, in kana so ka san wanda maigida ya amince da shi, duba wanda yake bar wa makullin akwatin sifana in zai tafi Juma'a.

Dokta_Nima: Gaisuwa daga Accra. Maganar Injiniya ta tuna min da wani tsohon bincike. A farkon shekarun 1930 wani malami a Amurka, Richard LaPiere, ya yi ta yawo da wani ɗan Sin da matarsa, a lokacin da ƙyamar 'yan Sin ta yi ƙarfi a can. Sun shiga masauki da gidajen abinci 251, wuri ɗaya tak aka hana su. Bayan wata shida ya aika wa wuraren wasiƙa yana tambaya ko za su karɓi baƙo ɗan Sin. Wurare 128 suka amsa, sama da kashi 90 cikin 100 suka ce ba za su karɓa ba. Ya buga sakamakon a 1934. Ku lura, a can baki ne ya fi aiki muni, a Aboabo kuma baki ya fi aiki daɗi. Ko ta ina dai, abin da mutum ya faɗa da abin da yake yi ba lallai su haɗu ba.

MalamLissafi: Dokta, a ƙara da cewa shi ma binciken an yi masa gyara. Babu tabbacin wanda ya amsa wasiƙar shi ne wanda ya tarbe su a ƙofa, sannan suna tare da Bature, da kaya masu kyau. Kada ƙanwarmu ta ɗauka duk abin da ke littafi ya fi ƙarfin tambaya.

BabaTafo: Tunda kun ƙi ji, bari in gaya muku abin da littafinku bai sani ba. Ina yaro a 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin mako biyu. Na ga an loda mutane a manyan motoci, wasu a nan aka haife su, ba su san ko hanyar garin kakanninsu ba. Gidaje da shaguna aka sayar a wulaƙance. Daga ranar, duk tsohon Zango in ya ga baƙo da takarda yana tambaya "wace ƙabila, daga ina iyayenka suka zo", cikinsa ɗurar ruwa yake yi. Zai ce miki komai lafiya, kowa na kirki ne, don ki tattara ki tafi. 'Yata, akwai tambayar asali a takardarki?

Yar_Aboabo: Akwai Baba. Ita ce ma ta biyu, bayan shekaru. Kuma sai an sa hannu ko an dangwala a takardar amincewa kafin a fara.

BabaTafo: To kin ji.

Dokta_Nima: Baba ya ba ki abin da ya fi duk abin da muka faɗa. Mayar da tambayoyin shekaru da asali can ƙarshe. Takardar amincewa kuwa ba a yar da ita, haƙƙin mai amsawa ce, amma ki nemi kwamitin ɗa'a na makarantarku ya yarda miki da amincewar baki ga waɗanda dangwale ke tsorata su. Afrobarometer, masu binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka da hedikwatarsu ke nan Accra, suna wannan aiki tun 1999, kuma a ƙarshen hira sukan tambayi mutum wa yake zaton ya aiko su. Sun san wanda ya ɗauka gwamnati ce ta turo ka ba zai amsa kamar wanda ya san ɗalibi ne kai ba. Ki ƙara irin wannan tambayar, ba ta cin ko minti ɗaya.

Kwaku_Balarabe: Ina ta karatu shiru. Ni tambayata, wa ya ce mutum 40 za su yi magana da bakin Zango duka? Ƙidayar 2021 ta ce mun haura miliyan 30 a Ghana. Ko su Afrobarometer ɗin mutum nawa suke tambaya?

Dokta_Nima: 1,200 ko 2,400 a ƙasa guda. Da 2,400 kuskuren da ake tsammani bai wuce maki 2 sama ko ƙasa ba. Sirrin yana wurin zaɓen mutanen. Mai koko in ta gauraya tukunya da kyau, ludayi ɗaya ya isa ta san ko tsami ya yi. In ba ta gauraya ba, ko kofi goma ta ɗiba daga sama ruwa za ta sha. A 1936 wata mujalla a Amurka, Literary Digest, ta tattara amsar mutum sama da miliyan 2 ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48. Sunayen da suka aika wa sun fito ne daga littafin masu tarho da masu mota, sannan waɗanda suka ga dama ne kawai suka maido da amsa. Yar_Aboabo, ke ta yaya kika zaɓi gidajenki?

Yar_Aboabo: Gaskiya gidajen da na san wani a ciki na shiga, sai kuma ƙawayen Mmata a makarantar Islamiyya.

DanAsawase: Wato kin tambayi ƙawayen Mmarki ko suna da amana da juna, a gaban 'yar ƙawarsu. Allah Ya ba da sa'a.

Yar_Aboabo: Yaya ka bari mana, na riga na ji kunya.

Kwaku_Balarabe: Tunda ga masana sun taru, a warware min wata. Uwata 'yar Asante ce, ranar Laraba aka haife ni, dangin uwa suna ce min Kwaku, na uba Balarabe. Tun ina yaro kakata take cewa Kwaku masifaffe ne, Kwadwo na Litinin shi ne mai sanyi. An taɓa auna wannan?

Dokta_Nima: An taɓa kuwa. Gustav Jahoda, wanda ya koyar a kwalejin jami'a ta Gold Coast, wato Ghana, kafin 'yancin kai, ya duba bayanan kotun yara ya buga a 1954. Ya tarar masu sunan Litinin sun yi ƙaranci a cikin yaran da aka gurfanar, masu sunan Laraba kuma sun fi yawa a laifin faɗa da duka.

Kwaku_Balarabe: Innalillahi. Ashe kakata tana da hujja.

MalamLissafi: Kwantar da hankalinka. Abu biyu su tafi tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Yaron da tun yana rarrafe ake ce masa masifaffe zai iya tashi ya cika sunan. Kuma in yara biyu suka yi faɗa, wa manya za su fi saurin kai ƙara, Kwadwo ko Kwaku? Littafin kotu yana ƙirga wanda aka kawo ne, bai san wanda aka yi wa faɗa a gida aka bari ba. Ranar Laraba ba ta yi maka komai ba.

Ustaz_Alabar: Sunan rana ba ya ƙaddara wa bawa hali, wannan camfi ne. Mu koma kan tambayar yarinya.

Injiniya_Suame: Na dawo kan maganata. Ki sa 'yan sidi a jakar kuɗi da lambar waya, ki yar a ƙofar gidaje, ki ga nawa za su dawo. Shi ke nan kin auna.

Dokta_Nima: An yi makamancin haka, an buga a mujallar Science a 2019: jaka sama da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40. Abin mamaki, a kusan duka ƙasashen an fi maido da mai kuɗi a ciki fiye da wadda babu. Sai dai ta imel ake tuntuɓar mai jakar, don haka inda mutane ba su saba da imel ba za su fito kamar marasa gaskiya. Sannan wannan riƙon amana yake aunawa. Ita kuma tambayarta ko mutum yana amince wa wasu ne. Abu biyu ne.

Ustaz_Alabar: Kuma ɗana wa Musulmi tarko don a gwada shi, ban ga alherinsa ba. Yaro mai jin yunwa ya tsinta, kin jefa shi cikin zunubi don ki cika takarda. In aka gane ke ce, ta ina za ki sake bi a Aboabo?

Hajiyar_Kejetia: 'Yata, bar jefa kuɗi a titi. Ki tambayi abin da ya riga ya faru. A watan nan wa kika bar wa makullin ɗakinki? Wa kika bar wa yaro kika tafi asibiti? Kina susu, wato adashe, da matan gidanku? Wa ya san lambar sirrin MoMo ɗinki, asusun kuɗinki na waya? Mutum zai iya yi miki daɗin baki a kan "yarda", amma da wuya ya ƙirƙiro sunan wanda ya bar wa makulli.

MalamLissafi: Na fi son waɗannan nesa ba kusa ba, amma su ma a sa musu ido. Wadda ba ta da abin zubi ba za ta shiga susu ba ko ta amince da kowa. Wadda ke fita kasuwa tun asuba dole ta bar yaro wurin wani ko ranta bai so. Talauci da larura za su shigo su ɓata awon. Shawarata ki haɗa biyun, na baki da na aiki, ki ga ko suna nuna hanya ɗaya.

Dokta_Nima: Wani abu kuma. Yawancin ma'aunan nan a kan ɗaliban jami'o'in Amurka da Turai aka gina su. Henrich da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya. Glenn Adams ya yi bincike a nan Ghana ya tarar mutanenmu sun fi Amurkawa cewa suna da maƙiya na ɓoye, har a cikin na kusa da su. A gidan haya mai ɗaki goma da bayan gida ɗaya, taka-tsantsan da maƙwabci hankali ne. Takardar da aka rubuta wa mai gida shi kaɗai da katanga za ta karanta shi a matsayin rashin amana.

Yar_Aboabo: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Ga abin da ya faru tun shekaranjiya. Malama_Sawaba ta taimaka min muka sake fassara, muka cire "yarda" daga jimlolin, muka sa tambayoyin Hajiya guda huɗu. Na gwada da mutum 10, kowa shi kaɗai a ɗakinsa. Amsoshin sun bambanta sosai yanzu. Amma malamina ya ce in na canza ma'aunin ba zan iya kwatanta sakamakona da na waɗanda suka yi amfani da na asali ba. Sai kuma Mmar nan da na ba ku labari. Na tambaye ta wa take bar wa makulli in za ta yi tafiya. Ta ce matar da ba sa gaisawa. Wai ta hannun jikarta take aika mata, domin duk gidan ita kaɗai ce ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

DanAsawase: To fa. Ashe 5 ɗin Mma na gaskiya ne, mu ne muka yi mata sharri.

BabaTafo: Ban ce muku a zuciya take ba?

Malama_Sawaba: Malaminki yana da gaskiya ta wani gefen, amma kwatanta amsar da mutane ba su fahimci tambayarta ba da ta wata ƙasa, me zai ƙara miki? Ni dai ki riƙe sabuwar.

Dokta_Nima: Ni kuma na ce ta bar jimlolin asali da gyararriyar fassara, ta ƙara na Hajiya a matsayin sashe na biyu. Ta haka ba ta rabu da malaminta ba, kuma labarin Mma ya shiga babin tattaunawa.

Injiniya_Suame: Takarda za ta yi tsawo. Mai sayar da waakye, shinkafa da wake, ba za ta bar layin masu saye ta zauna miki minti 40 ba.

MalamLissafi: Yar_Aboabo, turo min sabuwar takardar kafin Juma'a. Na hango lamba 7 a hoton takardar da kika sa, "maƙwabtana suna da gaskiya kuma suna taimakona", tambaya biyu ce kika ɗaure da igiya ɗaya, sai an raba su. Kuma ki samo taswirar unguwar mu ƙirga gidaje, wannan karon ba gidan ƙawayen Mma za ki fara ba.